Gwadon Mutumin Tsafe

A shekarar da hukuma ta katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka, a shekarar ne na samu sunan da har yau ake kirana da shi a bayan idona. Kun ji ana ce muku 'ya'yan Mai Gwado. Na san ƙananan cikinku sun yi dambe a kan haka a makaranta, manyan kuma sun tambayi mahaifiyarku ta ce a bar maganar. Ni ma ban taɓa zaunar da ku na faɗa muku ba, don a lokacin duk abin da na faɗa sai a juya shi ya dawo kaina. Yanzu ido ya fara gajiya da ramin allura, shi ya sa na ga gara in rubuta da ajamin da na koya a gaban malamina, wanda ya ga dama a cikinku ya mayar da shi boko. Abin da na gani shi zan faɗa. Abin da ban sani ba zan ce ban sani ba, Allah ne masani.

Shagon ɗinkina yana Gusau, gidana yana Bungudu, kuma ban taɓa yarda in bar gidan mahaifina in koma haya ba. Don haka kullum bayan asuba nake tafiya tasha in shiga motar Ɗanjuma, da yamma ya dawo da ni. Shekaru muka yi a haka, har na san kowane rami na hanyar kamar yadda na san tsakar gidana. Amma da aka katse waya sai hanyar ta zama wata daban. Da can direba yakan kira na gaba ya ji ko lafiya kafin ya tashi. Yanzu babu wanda zai kira. Sai dai ya zuba ido: in motoci na fitowa daga Gusau, hanya lafiya, in aka jima ba a ga ko ɗaya ba, sai ya gangara gefe mu zauna shiru muna kallon titi. Fasinja suka daina hira, don ba ka san wa ke kusa da kai ba. Ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsawo hagu da dama, gonaki da yawa masu su sun yi shuka sun kasa komawa, ciyawa ta haɗe da amfanin. Mutum yana wucewa yana jin kamar ana kallonsa daga ciki.

Ranar da abin ya faru na tashi da zazzaɓi. Mahaifiyarku Hauwa'u ta taɓa goshina ta ce in kwanta. Na ce na yi wa wani alkawarin kayan suna, in ban je ba jaririn zai sha suna ubansa na sanye da tsohuwar riga.

"To jaririn ne zai kai ka ƙara?" in ji ta. "Kai dai ba ka iya zama ba ne."

Na sha koko na fita. A motar mu biyu ne kawai a baya: ni a bakin ƙofar dama, sai Maman Grace a bayan direba, matar wani malamin makaranta mutanen kudancin Kaduna, wadda ke da shagon kayan masarufi a Gusau. Gaban motar buhunan wani ne aka ɗora. Mun yi kusan rabin hanya sai motar ta yi tari ta mutu, Ɗanjuma ya gangara da ita gefe yana salati. Wurin babu gida, babu kowa, sai wata tsamiya can cikin gona da kanta ya fito sama da dawa. Ya fita ya buɗe gaban motar. Ni kuwa sanyi ya kama ni, haƙorana na haɗuwa, na dunƙule ina karanta abin da ya sawwaƙa.

Sai ƙofar da nake jingine da ita ta buɗe.

"Salamu alaikum. Akwai wuri?"

"Wa alaikumus salam. Akwai, bismillah."

Na matsa tsakiya ya shigo. Mutum ne siriri, bai kai ni shekaru ba, da shuɗiyar riga, babu takalmi, ƙafafunsa duk busasshen taɓo. A kafaɗarsa akwai gwado, farin saƙi na hannu mai ratsin baƙi, irin wanda yanzu ba a cika gani ba. Warin ƙasa yake yi, irin na bayan ruwan sama. Ya dube ni ina rawar sanyi, ya warware gwadon ya yafa mini rabi, ya bar rabi a kafaɗarsa, muka zama kamar yara biyu a bakin murhu. Gwadon da ɗumi. Amma kafaɗarsa da ta taɓa tawa sanyi gare ta kamar randar da ta kwana a waje. A gefen da ke hannuna na ga wani faci na koren atamfa da jan zare, ɗinkin hannu, kuma ido na tela ba ya wuce irin wannan.

"Aro ne, Malam," in ji shi. "Ba kyauta ba."

Na yi dariya na ce na gode, Allah ya saka. Na tambaye shi daga ina.

"Tsafe. Amma na daɗe nan, gindin tsamiyar can. Ruwan bana duk kaina ya ƙare."

Na ɗauka mai gadin gona ne. Na ce mutanen gida dai sun san yana nan?

"Ba su sani ba. Ba wanda ya biyo."

"Ga waya babu," na ce.

"Ga waya babu," in ji shi, a hankali.

Ɗanjuma ya dawo ya murza makulli sau ɗaya, motar ta tashi kamar ba ita ba. Ya ce bai taɓa komai ba, bai ma ga abin da ya lalace ba. Muka ci gaba.

A bakin shiga Gusau akwai shingen bincike, motoci sun yi layi. A nan muka tarar da mutanen wani gidan talabijin na garin, yarinya ɗaya riƙe da makirfo da wani saurayi mai kyamara, suna bin motoci suna tambayar yadda jama'a ke fama da rashin waya. Suka zo tagar dama. Ɗanjuma ya ce ba shi ba.

"Ku tambayi Malam, shi ke da baki. Ni in na yi magana matata za ta gane ba Sakkwato na tahi ba."

Yarinyar ta yi dariya ta zuro hannu ta taga, makirfon ya wuce ta gaban fuskar baƙon kamar zai taɓa hancinsa, ba ta ko ce masa sannu ba. Na ji haushin haka a raina, na ce yaran yanzu ba su da gaisuwa. Ta tambayi sunana da sana'ata, na ce Isa tela, daga Bungudu. Ta ce mene ne ya fi damuna a rashin waya. Niyyata in yi maganar masu ɗinki da ba sa iya kirana. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Wahalar ita ce mutum ya fita, iyalinsa ba su san inda yake ba sai ya dawo. In bai dawo ba, shi ke nan, suna nan suna jira."

Ta ce ta gode, aka ɗaga mana hannu muka wuce. Ɗumin gwadon ya sa barci ya ɗauke ni. Da na farka muna cikin tasha, gwadon duk yana jikina, kujerar dama babu kowa. Na tambayi Ɗanjuma ina mutumin ya sauka, in bi shi da kayansa.

"Wane mutum?"

"Wanda ya shiga inda munka tsaya."

"Malam, zazzaɓin nan ya hau kanka. Ni ban ɗauki kowa ba. Da na ɗauka ai da na karɓi kuɗina."

Na juya wajen Maman Grace. Tana tattara jakarta, ta ce mu biyu ne tun daga Bungudu, bargon kuma ta ɗauka daga gida na zo da shi. Ta sauka, ta yi taku kaɗan, sai ta dawo bakin tagar ta tsaya.

"Amma na ga ka matso tsakiya. Ni ma na takure na ba da wuri. Ban san don me na yi ba."

Ta juya ta tafi da sauri.

Da yamma na koma gida da gwadon a ninke. Hauwa'u ta shinshina shi ta ce warin ƙasa yake yi, ba zai kwana mata a ɗaki ba, ta rataye shi a zaure. Bayan magariba na tafi zauren maƙwabcinmu Alhaji Mamman, wanda ke da talabijin mai aiki da sola da eriya a kan doguwar gora. A shekarar nan ne mazan unguwa ke taruwa, don babu wata hanyar jin abin da ke faruwa. Ɗanjuma ya riga ya baza labari, kowa na jira. Da aka nuno ni aka fashe da dariya.

"Tela ya shiga akwati."

"Dubi yadda ya ƙudundune kamar amarya."

Ni ban yi dariya ba. An ɗauko hoton ne ta tagar dama, inda fuskar baƙon ya kamata ta cika rabin akwatin. Babu fuska. Ga ni a tsakiya, ga hannun yarinyar da makirfo ya ratsa sarari, ga bayan kujera ana gani. Amma gwadon bai faɗi ba. Ya sauko daga kafaɗata ta dama, maimakon ya zube a kujera sai ya miƙe, ya yi tudu daidai tsayin kafaɗar mutum, ya tsaya a kan iska. Dariyar ta ragu da kaɗan kaɗan. Wani dattijo da ke kusa da akwatin ya ce:

"Isa, wa ke riƙe maka ɗaya gefen?"

Alhaji Mamman ya ce jaka ce a ƙasa, kowa ya ce haka ne, jaka ce. Aka kawo wani labarin. Ban zo da jaka ba ranar, kuma da aka tashi sallar isha'i na lura ba wanda ya jera da ni a hanya. Zazzaɓin ya sauka a kwana biyu, amma kafaɗata ta dama ta ƙi yin ɗumi. Ko a rana na zauna, wurin nan sanyi ƙalau.

Gidan talabijin ɗin suka riƙa maimaita hoton duk lokacin da za su yi maganar waya, har ya kai Tsafe. Wata safiya, kafin in fita, aka yi sallama. Na tarar da maza uku a ƙofar gida, da wata mace a lulluɓe da ta wuce ciki wajen Hauwa'u. Babbansu ya ce sunansa Sani, daga Tsafe suke, Isa tela suke nema wanda aka nuna a talabijin. Idonsa ba a kaina yake ba, yana kan gwadon da ke rataye a bayana. Ya wuce ni ya juya gefen gwadon, ya sa yatsa a kan koren facin.

"Wanga matar yayana ta ɗinka shi. Ina yayana?"

A tsaye ya ba ni labarin. Yayansa Lawali mai sayen hatsi ne. Farkon shuka 'yan bindiga suka tare shi a hanyar Bilbis. An riƙa kiran gida, daga baya kiran ya tsaya, sannan aka katse wayar baki ɗaya. Tun daga nan ba a ji ɗuriyarsa ba, sai ga gwadonsa a kafaɗar wani tela a Bungudu. Ɗaya daga cikin mutane biyun da ke tare da shi ya tsaya a bakin ƙofa ta yadda ba zan iya fita ba. Maƙwabta suka fara taruwa, wani ya tafi kiran mai unguwa. Na ce su ba ni izini in shiga ciki in sa riga.

Hauwa'u ta tare ni a bayan ɗakin girki. Ta riga ta ji komai daga bakin baƙuwar, ta kuma san labarin tsamiyar, don na faɗa mata.

"Ka ce a tasha ka tsinta," in ji ta, muryarta ƙasa ƙasa. "Ka ba su kayansu su tahi."

"Ba a tasha na tsinta ba."

"Na sani. Amma in ka kai su wurin can sunka samu wani abu, wa zai yarda ba ka da hannu? Ka san abin da ake yi wa wanda aka ce yana kai wa mutanen daji labari bana. Ba a jiran alƙali. Ɗiyanka fa?"

Gaskiya ta faɗa, kuma har yau ban ga laifinta ba. A shekarar zargi kaɗai ya isa a raba mutum da gidansa, wani lokacin da ransa. Na tsaya ina duban ku ƙananan kuna cin ɗumame a tabarma. Ƙarya ɗaya ce ƙarama, kuma ta fi gaskiyar kama da gaskiya. Sai baƙuwar da ke zaune a bakin rijiya ta yi magana ba tare da ta ɗago kai ba. Sunanta Rabi, matar Lawali.

"Malam, ni ba laihin kowa nike nema ba. So nike in sani: in shiga takaba, ko in ci gaba da aje mai tuwo? Kullum sai na aje, da sahe in ba yara."

Na tuna abin da ya fito daga bakina a gaban kyamara, wanda ba shi na yi niyyar faɗa ba. Na tuna mutumin da ya ga ina rawar sanyi bai tambaye ni ko ni waye ba. Na sa rigata na fita, na faɗa wa Sani da mai unguwa komai, tun daga mutuwar motar har zuwa tasha, ban rage ba ban ƙara ba.

"Wato fatalwa ta ba ka," in ji Sani.

"Ban ce ba. Na faɗi abin da na gani."

"To kai mu."

Mai unguwa ya sanar da jami'an tsaro, aka haɗa mu da wasu, Ɗanjuma ya ja mu har inda motarsa ta mutu. Da rana tsaka ne amma da muka shiga dawar sai haske ya ragu, ganye na kaɗa mana fuska, ba kukan tsuntsu ko ɗaya. Ni ke gaba. Ban taɓa taka gonar ba, amma ƙafata ba ta yi kuskure ba, kuma na san mutanen da ke bayana sun lura da haka. A gindin tsamiyar muka same shi. Ƙashi ne a cikin shuɗiyar riga, kwance a gefen dama, fuska na duban gabas, kamar wanda ya san abin da ke zuwa ya gyara kwanciyarsa. Babu takalmi. A idon sawu ɗaya akwai guntun igiya da ya tsinke. Sani ya gane hular yayansa da zobensa na azurfa, ya durƙusa yana innalillahi. Sai idonsa ya tsaya a kan rigar. Daga gwiwa zuwa ƙasa rana da ruwa sun cinye launinta ta yi fari. Daga gwiwa zuwa kafaɗa kuwa shuɗinta na nan, kamar abin da aka daɗe da lulluɓewa aka yaye kwanan nan.

Ya ɗago ya dube ni. Na gane yana zargin ni na yaye gwadon.

Liman ya ce babu wanka a irin wannan halin, a naɗe shi a yi masa salla. Na koma gida na ɗauko farin yadin da na ajiye wa kaina, na yanka likkafani na ɗinka da hannu, don ban yarda in sa shi a keke ba. Ni na shimfiɗa, ni na naɗe. Aka yi salla aka kai shi maƙabartar Bungudu kafin la'asar, don hanyar Tsafe ba ta ɗaukar gawa a lokacin. Da aka watse na miƙa wa Sani hannu bai karɓa ba. Na miƙa masa gwadon.

"Riƙe kayanka," in ji shi. "Kai ka san yadda ka same shi."

Abin da ya biyo baya manyan cikinku sun gani. Jami'an tsaro sun riƙe ni suna tambaya. Ɗanjuma ya je ya rantse ban fita daga mota ba ranar, kuma ban shiga da gwado ba. Maman Grace ta rufe shagonta ta je da kanta ta shaida ban fita daga motar ba, alhali ba wanda ya kira ta. Allah ya saka mata. Aka sake ni, amma gari bai sake ni ba. Wasu suka ce na san wurin tun da can. Wasu suka ce na yaye wa gawa mayafi don rowa. Wasu suka ce ina da mutanen ɓoye. Masu ɗinki suka riƙa aiko a karɓi yadinsu ba a ɗinka ba, har na kasa riƙe shagon Gusau na dawo da kekena zaure. A masallaci sahu yakan cika, sai gefena na dama a bar ɗan sarari, liman ya ce a haɗe, a matso kaɗan, a sake barinsa. Hauwa'u ta koma yin ƙuliƙuli tana ciyar da mu. Ba ta taɓa ce mini ai na faɗa maka ba, ko sau ɗaya, kuma wannan shirun nata ya fi mini nauyi da a ce ta faɗa. Na taɓa zuwa gidan talabijin ɗin in roƙi a sake nuna mini hoton, aka ce an goge an ɗora wani a kai.

Gwadon kuwa yana nan a zaure. Ba na iya sa shi, ba na iya sayarwa, ba na iya bayarwa sadaka, don ba nawa ba ne. Mai shi ya faɗa da bakinsa aro ne. Kafaɗata kuma ba ta daina sanyi ba. Aka dawo da waya, sanyin shekara ya zo ya wuce, bazara ta shigo mutane na kwana a waje don zafi, ni kuwa ina ɗora tsumma mai ɗumi a kafaɗa. An ba ni rubutu na sha, an ba ni ƙwayoyi a asibiti, babu abin da ya canja. Da na ji labarin Rabi ta fita takaba, sai na wanke gwadon, na shanya, na ninke. Hauwa'u na kallona.

"Sai ka je?"

"Sai na je."

"To ka dawo kafin magariba," in ji ta, ta ƙulla mini ƙuliƙuli in kai wa marayun.

Ban taɓa zuwa Tsafe don kaina ba sai ranar. Na shiga mota zuwa Gusau, na canja wata, ina rungume da gwadon a cinya. Na yi tambaya aka nuna mini gidan. Sani ne a zaure. Ya amsa sallamata da kyar, bai ce in zauna ba, amma ya aika ciki. Rabi ta zo ta tsaya a bayan ƙofa, muka gaisa, na yi mata ta'aziyyar da ban samu yi ba a Bungudu. Sannan na ce:

"Mai gidanki ya ara mini wannan ranar da nake rawar sanyi. Ya ce aro ne, ba kyauta ba. Na kawo."

Sai hannu ya fito ta bayan ƙofar, na ɗora mata. Na ji tana warware shi, na ji ta tsaya, na san facin ta samu.

"Haka yake," in ji ta. "Ba ya iya ganin mutum na jin sanyi. Amma ko allura ya ara maka sai ya ce aro ne, har yara na yi mai dariya." Ta ja numfashi. "An ce kai ka ɗinka mai likkahwani."

"Ni ne."

"To na karɓa a madadinsa, Malam. Ya lulluɓe ka, ka suturta shi, ga kayansa sun dawo gida. Ba sauran komi tsakaninku."

Sani ya raka ni har bakin titi. Da mota ta tsaya ya ce:

"Ban ce na yarda ba."

"Ban zo don ka yarda ba."

Ya buɗe mini ƙofar motar, na shiga, ya rufe.

Sunan bai bar ni ba, kuma ba na so ku ƙara yin dambe a kansa. Wanda ya ce muku 'ya'yan Mai Gwado ku amsa, gwadon aro ne kuma an mayar. Ban san abin da ya zauna kusa da ni a motar Ɗanjuma ba, ba kuma zan ƙirƙira muku ba. Abin da na sani shi ne, a hanyar dawowa mu huɗu ne a kujerar baya, rana na dukan rufin motar, wani mai ƙiba a damana yana ta faɗa da wani a waya a kan buhun masara. Mun wuce rabin hanyar Gusau sai ya janye jikinsa ya dube ni.

"Baba, matsa kaɗan mana, duk ka jiƙa ni da gumi."

Na sa hannu a kafaɗata ta dama. Rigar ta jiƙe sharkaf, fatar kuma da zafi kamar ta kowa. Na ce masa ya yi haƙuri, na matsa, na yi wa Lawali fatiha a zuciyata.